Takaddamar farautar barewa mai farar wutsiya a Amurka

Barewa mai farar wutsiya dabbar daji ce da ta bazu daga kudancin Kanada har zuwa Amurka ta Kudu, kuma ita ce babbar dabbar da aka fi farauta a ƙasar Amurka. Ana kiran ta barewa ne don kamanni kawai. Danginta daban ne da na barewar Sahel, domin namijinta ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon mai rassa ne, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro. Ta samo sunanta daga farin gashin da ke ƙarƙashin wutsiyarta, wanda take ɗagawa idan ta tsorata. Takaddamar da ake yi a kanta ta shafi yawan da ya kamata a bari a daji da cikin gari, hanyar rage ta, da wanda ke da ikon yanke hukunci.

Asalin matsalar

Wajajen 1900 saura kaɗan dabbar ta ƙare. Sare dazuzzuka da farautar kasuwa, ta nama da fata, sun rage ta zuwa kimanin 500,000 ko ƙasa da haka a duk ƙasar. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta ketare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka ƙayyade lokacin farauta, da yawa suka hana harbin mata. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin kula da namun daji. Sannan an riga an kawar da kyarkeci da damisar dutse daga yawancin gabashin ƙasar, gonakin da aka yi watsi da su suka koma jeji, unguwannin bayan gari masu lambuna suka zama wurin kiwo da babu mai harbi. Mace mai ƙoshin lafiya takan haifi tagwaye duk shekara. Yau ana kiyasta yawansu da kusan miliyan 30.

Misalin da aka fi kawowa a muhawarar shi ne na tudun Kaibab a jihar Arizona, ko da yake wata 'yar'uwarta ce mai manyan kunnuwa ke zaune can. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mai da wurin gandun namun daji, aka hana farautar barewa, aka yi ta kashe namun da ke cin ta. Garken da bai wuce 4,000 ba ya hayayyafa har ya cinye tsiron wurin, daga 1924 yunwa ta fara kashe su dubu-dubu. Masanin namun daji Aldo Leopold ya yaɗa labarin a matsayin darasi. A 1970 masanin dabbobi Graeme Caughley ya nuna cewa alƙaluman, musamman 100,000 da ake cewa garken ya kai, ba su da tushe mai ƙarfi. Ɓarnar da aka yi wa tsiron dai an gan ta da ido.

Abin da ake jayayya a kai

Masu neman a rage ta suna da hujjoji uku. Ta farko haɗarin mota: fiye da sau miliyan ɗaya ake karo da barewa a titunan Amurka duk shekara, mutane kimanin 200 ke rasuwa, kuma abin ya fi tsanani a watan Nuwamba lokacin barbara. Ta biyu cutar Lyme, wadda aka fara ganewa a garin Lyme na jihar Connecticut a 1975. Kaska ce ke yaɗa ta. Ƙwayar cutar daga ɓeraye take samo ta, amma a jikin barewa manyan kaska ke shan jini su hayayyafa. A tsibirin Monhegan na jihar Maine, da aka kawar da barewa gaba ɗaya a ƙarshen shekarun 1990, kaskar ta ragu ƙwarai. Ragewa kaɗan-kaɗan kuwa bai cika yin tasiri ba.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce kuma ba a cika jin ta ba, saboda daji ba ya kai ƙara. Inda barewa ta yi yawa tana cinye duk wani ƙaramin tsiro da bakinta ya kai. Mai wucewa zai ga manyan itatuwa tsaye kore shar, ya ɗauka lafiya, alhali babu ɗan itace ko ɗaya da zai gaje su. Tsuntsayen da ke sheƙa a ƙananan rassa su rasa mafaka, furannin ƙasa su ɓace, ciyawar da barewa ba ta ci ta mamaye wurin. A Pennsylvania masana sun kewaye wasu filaye da shinge, bayan 'yan shekaru cikin shingen ya cika da tsiro, wajensa fayau.

Masu kare haƙƙin dabbobi suna cewa kisa zalunci ne, kuma bai da ƙarshe, tunda waɗanda suka rage sukan samu abinci wadatacce su ƙara haihuwa. Sun fi son allurar hana haihuwa. An gwada wata allura mai suna PZP a tsibirin Fire na jihar New York daga 1993 zuwa 2009, hukumar kare muhalli ta amince da wata allurar mai suna GonaCon a 2009, birnin New York kuma ya fara yi wa mazan barewa tiyatar hana haihuwa a Staten Island a 2016. Hanyoyin suna aiki a tsibiri ko wuri killatacce. A buɗaɗɗen daji tsadarsu da wahalar kama dabba ɗaya bayan ɗaya sun fi ƙarfin kowace hukuma. Shi ya sa wasu garuruwa, irin su Princeton a New Jersey, suka ɗauko ƙwararrun maharba masu aiki da dare, naman a ba wa mabuƙata, domin doka ta hana sayar da naman barewar daji.

Maharba da hukumomi

Rikicin da ya fi zafi tsakanin maharba ne da masanan hukuma. Yawan garke a hannun mata yake, domin namiji ɗaya kan bi mata da dama, kashe shi ba ya rage haihuwa. Maharba da yawa kuwa namiji mai babban ƙaho suke nema, kuma sun gaji ƙyamar harbin mace tun zamanin da dabbar ke ƙaranci. Suna son su ga barewa da yawa idan sun fita. Hukumomin jihohi da kuɗin lasisin maharba suke gudana, ga shi an ce mai abu shi ke da iko da abinsa.

A Pennsylvania, masanin hukumar farauta Gary Alt ya faɗaɗa harbin mata, ya kuma kawo ƙa'idar barin ƙananan maza a 2002. Fushin maharba ya kai har yana sa rigar sulke zuwa taron jama'a, ya ajiye aiki a ƙarshen 2004. Wisconsin, inda aka gano cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa a 2002, ta tilasta wa maharbi ya fara kashe mace kafin a ba shi izinin namiji. Tsarin ya rage garke, amma majalisar jihar ta soke shi a 2011 saboda matsin lamba.

A jihar ce kuma wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano cewa karon mota da barewa ya ragu da kimanin kashi 24 cikin 100 a yankunan da kyarkeci ya dawo, galibi saboda barewa na gudun gefen titunan da yake bi. Makiyaya da maharba da dama suna adawa da dawowarsa, kuma babu mai shawarar a sake shi a unguwannin bayan gari, inda barewar ta fi cunkoso.