Lakar fadama da jar ƙasar tudu: kowace da irin hannunta

Manoman Argungu da Birnin Kebbi, kun san yadda lakar fadama ke dare baki da rani har hannu ya shiga, alhali jar ƙasar tudu ko gezau. Bambancin yana cikin ma'adinin yumɓun.

Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ce ta kwanta a wannan yanki. Ta bar laka da dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, kusa da Sakkwato. A Kebbi mafi yawan wannan laka tana can ƙasa, yashi da yumɓun da koguna suka jibga daga baya sun binne ta. Yumɓun irin wannan laka, wanda masana ke kira simektait, falle-falle ne, ruwa na shiga tsakaninsu ya kumbura su. Idan ruwan sama da zafi suka daɗe suna cinsa a wurin da ruwa ke tsiyayewa, sai a wanke masa wasu sinadaransa, wato kalsiyam da magneziyam da wani kaso na silika, ya koma kawolinait, wato farar ƙasa. Tsatsar ƙarfen da ta rage ita ke rina tudu ja, ita ce kuma marmara. A kwari, inda ruwa ke kwanciya, mai kumburin ne ke zama.

Gwaji ba wuya. A kwaɓa ƙasar, a mulmula sanda mai tsawon santimita 10, a shanya a inuwa. In ta bushe ta rage santimita 1 ko fiye, mai kumburi ce.

Irin wannan tana riƙe ruwa da taki, shi ya sa shinkafa ke son ta. Amma kada a shiga da garma tana jagwab, za ta dunƙule kamar tubali. A jira ta sha iska har ta riƙa marmashewa a hannu. Ban ruwan farko kuma a yi shi a hankali, don tsagogin na haɗiye ruwa da taki su kai inda saiwa ba ta kai ba. Yuriya a binne ta kamar santimita 5, in an bar ta a sama iska ke kwashewa.

Jar ƙasa kuwa ba ta da riƙo. A raba yuriya kashi biyu ko uku, a zuba takin dabbobi sosai. Takin supa a sa shi gefen gindin shuka, kada a watsa, domin tsatsar nan na kame shi shuka ta rasa.

Masu gina rumbu ko rijiya a gefen fadama, saboda kumburin lakar nan, ku cike ramin tushe da marmara ku daddaɓe, kuma ku karkatar da ruwan indararo nesa da bango.