Wasannin Wasa Ƙwaƙwalwa na Kwamfuta da Ɗaliban Jami'a ke Ƙirƙira a Rukuni

Wannan nau'in wasan kwamfuta ne da mai wasa ba ya ganin surar wanda yake sarrafawa, sai abin da ke gaban idonsa, tamkar shi ne a cikin ɗakin, kuma aikinsa shi ne ya yi tunani har ya gano mafita daga wuri zuwa wuri. Makarantun da ke koyar da ƙirar wasanni kan ba ɗalibai irin wannan aiki a rukuni, wasu su rubuta manhaja, wasu su yi zane, wani ya haɗa sauti, wani kuma ya tsara matakai. Nau'in ya dace da ɗalibai saboda dabara ɗaya tak, idan sabuwa ce, tana iya ɗaukar wasan gaba ɗaya, ba sai an kashe kuɗi wajen zana rundunoni da birane ba.

Misalin da ya fi shahara ya fito daga makarantar DigiPen da ke Redmond a jihar Washington ta Amurka. A 2005 wasu ɗalibanta, ciki har da Kim Swift, suka yi Narbacular Drop, inda jarumar wasan ba ta iya tsalle, sai dai ta buɗe ƙofofi biyu a bango ko rufi, ta shiga ɗaya ta fito ta ɗayar. Kamfanin wasannin kwamfuta na Valve ya ga aikin, ya ɗauki rukunin baki ɗaya, kuma daga wannan dabara aka gina Portal, wanda ya fito a 2007. Haka ya sake faruwa da Tag: The Power of Paint na 2008, shi ma daga DigiPen, inda ake fesa fenti: kore ya sa tsalle, ja ya ƙara gudu, shuɗi ya ba da damar tafiya a kan bango. Valve ya ɗauki waɗannan ma, dabararsu ta shiga Portal 2 a 2011. Superliminal na 2019, wanda girman abin da mai wasa ya ɗauka a cikinsa ke canjawa gwargwadon inda aka tsaya aka kalle shi, ya faro ne daga aikin Albert Shih a Jami'ar Carnegie Mellon.

Abin da ya fi wahala a aikin, fiye ma da rubuta manhajar, shi ne koya wa mai wasa ƙa'idar ba tare da dogon bayani ba. Don haka ake zaunar da wanda bai taɓa ganin wasan ba, a zuba masa ido ba a ce masa uffan, a lura da inda ya maƙale, sannan a sake tsara ɗakin. Wanda ya gina matakin ya riga ya san amsa, shi ya sa ba ya iya auna wahalarsa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kano, kamar na Jami'ar Bayero, yana iya samun kayan aikin da ake amfani da su ko'ina, wato manhajojin gina wasanni irin su Unity da Unreal da Godot. Godot kyauta ne kuma ba ya da nauyi, abin da ke da muhimmanci ga mai ƙaramar kwamfuta da ke fama da ɗaukewar wuta. Wurin da za a gina wasan a kai kuwa ba ya wuyar samu, domin lungunan cikin birni da layukan Kasuwar Kurmi, inda baƙo kan ɓace cikin ɗan lokaci, sun isa a tsara matakai da yawa a kansu.