Waiwaye: daga magani kyauta zuwa ordonas, wa ke biyan kuɗin lafiya a Nijar?

Cikin damanar da ta wuce, lokacin da palu ke kan ganiyarsa, ƙanwata ta buga min waya wajen ƙarfe biyun dare tana kuka wai ɗanta ya sanƙare idanunsa sun juye. Na tashi wani maƙwabcinmu mai kabu-kabu muka ɗauke su muka nufi wani CSI, wato ƙaramar likitar gomnati, nan cikin Damagaram. Majon da muka tarar mutumin kirki ne wallahi, bai tsaya tambayar kuɗi ba ya karɓi yaron ya soke shi a yatsa, ya ce palu ne mai tsanani. Sai ya ja takarda ya fara rubutu, ya dubi ƙanwata ya ce "Hajiya ki yi haƙuri, yaron kyauta ne a doka, amma allurar da yake buƙata ta ƙare mana tun wancan sati." Na karɓi ordonas na bazama neman farmasin da ke gadi a wannan dare, na kashe jika huɗu da 'yan kai kafin na dawo. Yaron ya tashi alhamdulillahi. Amma da safe da nake ba Baba labari ya girgiza kai ya ce su a zamaninsu ana zuwa likita a ba ka nivakin da asfirin ko dala ba a karɓa. Maganar nan tasa ce ta sa na zauna na bi diddigin yadda aka yi muka zo nan.

Gaskiyar Baba ce, bayan 'yancin kai a 1960 magani a likitar gomnati kyauta ne, an gaji tsarin daga Turawa. Abin da Baba bai faɗa ba shi ne shi ɗan Birni ne, likita na kusa da shi, mutumin ƙauyen Tanut ko Gure kuwa sai ya yi yini bisa jaki ko raƙumi kafin ya ga mai farar riga. Shekarun 1970 kuɗin yuraniyom sun shigo an ɗan samu sarari, a 1978 aka yi taron Alma-Ata inda ƙasashe suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. To sai farashin yuraniyom ya faɗi farkon shekarun 1980, fari ya biyo baya a 1984, ga bashi, ga sharuɗɗan Bankin Duniya da FMI na tsuke bakin aljihu. Likita ta ci gaba da amsa sunan kyauta amma kanta babu komai, ko auduga sai ka saya.

A wannan hali ne ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako a 1987 tare da OMS da UNICEF, suka fito da abin da ake kira shirin Bamako. Dabarar ita ce tunda gomnati ba ta iyawa, mara lafiya ya biya ɗan kuɗi kaɗan, kuɗin su zauna a kes ɗin likitar, a riƙa sayo magani mai rahusa da su, kwamitin mutanen gari ya sa ido. Daga nan ne wannan kwamiti da ake kira COGES ya samo asali, da mai yankar tike da kuke gani a bakin ƙofa.

Akwai wani abu da ya faru a nan da nake ganin ya kamata kowane ɗan Nijar ya sani, don ni da na karanta shi sai da na yi shiru. Kafin a watsa tsarin cikin ƙasa an yi gwaji a 1993 zuwa 1994 a gundumomi biyu. A Say an ce kowa ya biya ranar da ya zo, babba sefa 200 wato dala 40, yaro ƙarami sefa 100. A Boboye kuwa aka ƙara sefa 200 bisa harajin shekara na kowane mai biyan haraji, sannan in ka zo likita ka ba da ɗan abu kaɗan, sefa 50 ga babba 25 ga yaro. Da aka duba sakamako, a Boboye ne mutane suka fi zuwa likita, musamman talakawa da mata, domin kuɗin an riga an tara su tun kowa yana da lafiya, lokacin kaka da hatsi a rumbu. Duk da haka da aka yi dokar 1995 abin da ya watsu a ƙasa shi ne biya a bakin ƙofa, shi ya fi sauƙin tattarawa. Ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da ta ninka kuɗin duk maganin da ake shigowa da shi daga waje. Tun daga lokacin ne kalmar "sai mun ga abin da hali ya yi" ta shiga tsakanin mutum da likita, a jiƙa sabara, a sayi ƙwaya wajen mai tebur ko masu yawo da ita a kai, sai ciwo ya ci ƙarfi a kwaso mutum a amalanke.

A 2001 shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ba mu kai wurin ba har yau, gomnati bayan gomnati.

Zamanin Tandja an yi abu biyu da ba za a manta ba. Na farko ƙananan likitocin karkara da ake kira kaz de sante, wajen 2000 aka gina cikin shirinsa na musamman da kuɗin yafe bashi, duk wanda ya bi hanyar Magarya ko Matamai ya gansu. Na biyu shi ne kyauta. Shekarar 2005 mu mutanen Damagaram da Maradi ba sai an ba mu labari ba, yunwa da tamowa, uwaye a layi da yara kamar tsinke, MSF da sauran ƙungiyoyi suna rabon biskit, duniya duk ta ga hotunanmu. Ƙarshen wannan shekara aka ce fiɗar haihuwa ta zama kyauta, a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali, daga baya ciwon dajin mata ma ya shiga.

Kar wani ya ce maka abin bai yi amfani ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma cikin dalilan da aka kawo akwai kyautar nan da likitocin karkara da gidan sauro da bitamin A. Yara ne na gaske da yau suke lakwal wasu har sun yi aure. Ni kaina na san gidaje da dama da ba don fiɗa kyauta ba da an yi zaman makoki biyu a rana ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kyauta ba ta nufin babu mai biya, gomnati ce ta ce ita za ta biya a madadin yaron. Majo ya duba yaro ya ba shi magani daga cikin wanda kes ta saya, ƙarshen wata ya cika faktir ya aika gunduma, gunduma ta aika jiha, jiha ta aika Yamai ma'aikatar lafiya, daga can sai ma'aikatar kuɗi da baitulmali, to kafin kuɗin su juyo wata shida, shekara, wani lokaci fiye, wasu takardun ma a ce an yi kuskure a maido su. Bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. Kuma a CSI yara ne mafi yawan masu zuwa, kenan kes ɗin da Bamako ya gina don sayen magani an cire mata babbar hanyar shigar kuɗi ba a maye gurbinta kan lokaci ba. Majo ya je sayen magani a ce masa akwai tsohon bashi. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun yi shekaru suna rubutu kan wannan, cewa an yanke shawarar da gaggawa ba a tanadi kuɗinta ba. Wannan ne ya haifar da ordonas ɗin da aka miƙo min a wancan dare, ba mugunta ce ta majo ba, shi ma an bar shi ne da kanta babu kaya da uwa tana kuka a gabansa. Daga baya an kafa hukumar INAM don ta riƙe lissafin kyautar nan ta hanzarta biya, tunani ne mai kyau, sai dai hukuma ba ta iya raba abin da ba a zuba mata ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, magani ya maƙale a hanya, mu da muke jingine da Kano da Daura mun ji a jikinmu har aka ɗage shi a Fabrairun 2024. A Agustan 2024 gomnatin Janar Tiani ta sanar da rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da fiɗa a likitocin gomnati daga 1 ga Satumba, haihuwa ta zama kyauta, aka soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. Mutane sun yi murna kuma sun cancanci su yi, duk wanda ya taɓa sayar da akuya don a yi wa matarsa radiyo ya san darajar rabi. Tsorona ɗaya ne, kar a maimaita 2006, rabin da aka ɗauke wa talaka dole wani ya zuba shi a kes ɗin likita kuma a kan lokaci, in ba haka ba zai dawo mana a ordonas. Ga shi kuma a 2025 Amurka ta rufe USAID, hannun da ke kawo wani kaso na maganin palu da gidan sauro ya ja baya.

Duk wannan maganar ciwon da ake warkewa ne. Akwai ɓangaren da kusan ba a taɓa yi masa kasafi ba, shi ne jinya. Ka shiga harabar kowace babbar likita da magariba ka ga tabarmi ƙarƙashin bedi, da kuloli da butoci da murhun gawayi, waɗannan su ne masu jinya, su ke wanke mara lafiya, su juya shi, su ba shi kunu, su tsaya layin farmasi, kuma kusan duka mata ne. Yayar mahaifiyata da muke kira Inna Babba ɓarin jikinta ya shanye shekara uku ke nan saboda hawan jini. Likita ta yi nata cikin kwana goma aka sallame ta, sauran duk yana kan jikarta wadda aka cire daga kolej don ta zauna da ita, kullum ita ke ɗaga ta ta kai ta bayi ta shafa mata man zafi. In na je gaishe ta sai ta kama hannuna ta ce "ɗan nan, yarinyar nan nake ji, na tsare mata karatu." Babu layi a kasafin ƙasa da sunan wannan yarinya. Haka tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi cin rani Libiya ko Aljeriya, haka masu taɓin hankali da ake ɗaurewa a ɗaki, haka mutanen Kara-Kara da asalin unguwar ma wurin da aka ware kutare ne.

Ba wai babu komai a takarda ba. Ma'aikacin gomnati yana da takardar ɗaukar nauyi, na kamfani yana da CNSS, akwai takardar shaidar rashin ƙarfi da ake nema ta hannun meri, an yi manufar kare al'umma a 2011, an kuma yi shirin tallafi da Bankin Duniya inda ake ba gidaje marasa ƙarfi jika 10 a wata na ɗan lokaci. Amma manomi da mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai a kasuwar Dole, wato yawancinmu, inshorarsu ita ce dangi da adashe da sanarwa a masallaci bayan sallar isha'i. Shi ya sa har yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyalai yake fita.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Ingila da ta kafa tsarin lafiya kyauta tun 1948 har yau tana fama da wa zai biya kuɗin kula da tsofaffi, a 2021 sun ƙirƙiro ƙarin haraji na kashi 1.25 don wannan, shekara na zagayowa suka soke shi. Ghana kuwa tun 2003 ta yi dokar inshorar lafiya ta ware kashi 2.5 bisa harajin saye da sayarwa, tana da nata jinkirin biya amma aƙalla an san rijiyar da ake ɗibar ruwan. Ni abin da nake so in ji daga bakin hukumominmu ke nan, a nuna mana rijiyar. Muna da matatar SORAZ nan kusa da mu tun 2011, ɗanyen mai ya fara fita ta bututu a 2024, ba abin kunya ba ne a ce ga kaso kaza na lafiya ne ba mai taɓa shi, a riƙa bugawa kowane wata uku CSI nawa aka biya nawa suka rage. Kuma a koma a duba darasin Boboye, a tara tun ana lafiya lokacin kaka, meri da sarakuna da limamai su shiga ciki, a ware wani abu ko kaɗan ne don masu jinya a gida.

Jiya na leƙa gidan ƙanwata na tarar da yaron yana bin kaji a tsakar gida. Uwar ta ɗauko karnensa na likita tana nuna min ranar haihuwa, bayan ƙaramar salla zai cika shekara 5, daga nan ya fita layin kyauta. Ta ce ta shiga wani sabon adashe na dala 100 duk Juma'a, ta roƙi uwar adashen a sa kwasarta ta faɗo cikin watan Agusta.