Bambar akori-kura ta fashe a Kumasi: wa zai biya kuɗin gyara?

Duk mai bin shataletalen Suame da yamma ya saba ganin wannan: motar gaba ta taka birki, akori-kurar da ke bayanta ta zungure ta, bamba ta tsage ko ta zazzago gefe guda, babu wanda ya ji ciwo. Direbobi su fito, a ɗan ɗaga murya, sannan wani ya ce, "Maigida, ga Magazin nan kusa, mu je a gyara kawai." Sau da yawa a wannan gaggawar ce mai mota ke zubar da haƙƙinsa da hannunsa, domin bai san abin da takardar inshorarsa ta ɗauka da abin da ta bari ba.

Dokar da ta tilasta inshorar mota a Gana tun 1958 take. Abin da ta wajabta shi ne kowace mota da ke hawa titi ta kasance da inshorar da za ta biya wani mutum idan motar ta kashe shi ko ta ji masa rauni. Wannan ita ce inshorar da yawancinmu a unguwannin Aboabo da Asawase muke yanka, domin ita ce mai araha, kuma ita ɗan sanda ke nema a shinge. Kamfanoni suna haɗa mata da biyan ɓarnar dukiyar wani, amma da iyaka, kuma adadin yana rubuce a takardarka. Motarka kai ba ta cikin lissafin ko kaɗan. Idan kai ka bugi na gabanka, kamfaninka zai iya gyara bayan motarsa har zuwa waccan iyakar, abin da ya haura ka cika daga aljihunka, bambarka kuwa kai da ita. Na sha ganin dattijo ya je ofishin inshora da hoton motarsa, ya dawo ransa a ɓace yana cewa an cuce shi, alhali tun ranar da ya yanki takardar ba a yi masa alkawarin haka ba. Laifin dillalan da ba sa zama su yi wa mutane bayani yana da yawa a nan.

In kuma wani ne ya ja da baya ya fasa maka bamba, to inshorarsa ce za ka bi. Shi ya sa kafin kowa ya motsa ya kamata ka ɗauki hoton motocin yadda suke, da lambar motarsa, da lasisinsa, ka kuma tabbatar inshorarsa ta gaske ce. Tun 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NIC, ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci. Ka danna *920*57# a wayarka, ka sa lambar mota, za ka ga ko tana da inshora mai rai da sunan kamfanin.

Mai cikakkiyar inshora shi ne kamfani ke gyara wa motarsa ko da shi ya yi kuskuren. Amma da sharuɗɗa, kuma wanda aka fi karyawa shi ne na farko: ka sanar da kamfani da wuri, kada a taɓa motar sai ma'aikacinsu ya zo ya duba ɓarnar, ya amince da kiyasin da fita, wato makaniki, ya rubuta. Idan ka riga ka kai Magazin, wato unguwar makanikai ta Suame, an kwance bamba, an gasa ta an liƙe, an fesa fenti, me zai gani? Kamfani na da damar ya ƙi biya, kuma hujjarsa tana cikin takardar da ka sa wa hannu. Haka nan takardar tana hana ka amsa laifi ko yin alkawarin biya a bakin titi ba da saninsu ba. Mu mutane ne masu son sulhu, kuma sulhu alheri ne, amma ka san cewa idan kun daidaita tsakaninku kun kashe magana, ba za ka dawo bayan mako biyu ka ce kamfani ya maido maka kuɗin ba.

Akwai kuma wani kaso da kai za ka ɗauka daga kowace ɓarna kafin kamfani ya biya sauran, sai dai in ka ƙara kuɗi tun farko an ɗauke maka shi. Ga kuma ragin da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, wanda ke raguwa ko ya tafi da zarar ka nema. Don haka idan karce ne kawai ko ƙugiya ɗaya ta karye, ka yi lissafi. Wani lokaci biya da kanka ya fi sauƙi. Sai dai kar ka yanke hukunci da ido. Bambar Hilux ko Navara ta zamani roba ce a waje, a bayanta akwai ƙarfen da ke shanye bugu, sai lagireto da na'urar sanyaya mota da wayoyin fitila. Roba na iya komawa daidai alhali ƙarfen ya lanƙwashe. Ka sa a leƙa ciki kafin ka ce ƙaramin abu ne.

Abin da ya shafi masu akori-kura musamman shi ne rukunin da aka yanka wa motar inshora. Akwai na mai ɗaukar kayan kansa, akwai na mai dakon kayan mutane don kuɗi, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yanki na farko don ya fi araha, sannan ya yi karo yana ɗauke da buhunan albasar wani daga kasuwa a kan lada, ya ba kamfani ƙofar guduwa. Haka idan yaron da ke tuƙi ba shi da lasisi mai aiki. Idan kuma ka cire bambar asali ka sa ta ƙarfe mai ƙahoni irin wadda masu walda ke ƙerawa, ka gaya wa kamfaninka, domin ka sauya motar da suka amince su ɗauka.

Ta ɓangaren 'yan sanda, Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 2004 ta wajabta wa direba ya tsaya idan ya yi ɓarna, ya ba da sunansa da bayanin motarsa ga wanda abin ya shafa. In bai yi haka ba, sai ya kai rahoto caji ofis cikin awa 24. Sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar motoci, wato MTTD, ke kula da wannan, kuma kamfanonin inshora kan nemi rahotonsu kafin su biya. Kada ka manta lambar gaba a jikin bamba take. Idan an kwance bamba an bar ta wurin mai fenti, ba ka da izinin yawo ba lamba, kuma bamba mai lilo ko fitilar da ta mutu na iya hana ka takardar lafiyar mota a DVLA, wato hukumar lasisin direbobi da motoci.

Idan ka cika duk sharuɗɗa kamfani ya yi ta ja maka rai, ka rubuta ƙorafi zuwa NIC, wadda Dokar Inshora ta 2021 ta ba ikon sa ido a kan kamfanonin. Tana da ofishi a nan Kumasi. Ka tafi da takardar inshora, rasidin biya, hotuna, rahoton 'yan sanda da kiyasin fita, ka kuma riƙe kwafin kowanne a gida.