Waiwaye: Yadda Rariyar Sinadarai Ta Shiga Matatun Mai

Tun farkon masana'antar man fetur, hanyar da aka saba bi wajen raba sinadaran haidrokabon, wato sinadaran da ke cikin ɗanyen mai da iskar gas, ita ce a tafasa su a kama tururin, tunda kowanne yana da zafin da yake tafasa a kai. Wahalar tana zuwa ne idan biyu suka yi kama kamar tagwaye. Para-zailin, wanda daga gare shi ake samun kwalaben roba da zaren poliyesta, yana tafasa a kusan digiri 138, ɗan'uwansa meta-zailin kuma a 139, tazarar da ba ta cika digiri ɗaya ba, don haka wuta ba ta iya raba su.

Mafitar ta fito daga wani dutse. A 1756 masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya lura cewa dutsen yana fitar da tururi idan aka gasa shi, ya raɗa masa suna ziyolait, wato dutse mai tafasa. Daga baya aka gano cikinsa cike yake da ƙananan ramuka masu girma ɗaya, tamkar rariyar da ke tankaɗe ƙwayoyin sinadari: mai miƙaƙƙiyar siffa ya shige, mai rassa ya tsaya a ƙofa. Richard Barrer ya ƙera ziyolait a ɗakin gwaji a shekarun 1940, kamfanin Union Carbide ya kai shi kasuwa a 1954, sannan a 1971 kamfanin UOP ya fito da tsarin Parex mai amfani da ziyolait, wanda yake tsamo fiye da kashi 95 cikin ɗari na para-zailin, alhali hanyar da ake bi a da, ta sanyaya shi har ya daskare a tace shi, ba ta tsamo fiye da kashi biyu cikin uku. A ganina wannan ce babbar nasarar fannin har yau.

Sabbin kayan da ake kira MOF, masu ramuka kamar ziyolait amma da aka haɗa daga ƙarfe da sinadaran kabon, waɗanda ake tsara girman ramukansu yadda ake so, sun jawo wa Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel a 2025. Sai dai abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji dole ya jure danshi da ƙazantar iskar gas na shekaru, kuma ya zo da araha. Shi ya sa har yanzu ake raba furofilin (propylene, da ake yin roba da shi) da furofan (propane, iskar gas ta girki), masu tazarar digiri biyar da ɗoriya wajen tafasa, a dogayen hasumiyoyi masu faranti fiye da 100 da ke lashe makamashi dare da rana.