Waiwaye: Yadda filin haunin sarki ya koma wurin ziyarar ibada a Namugongo

Da zarar watan Mayu ya raba, direbobi a manyan hanyoyin Uganda sukan fara cin karo da ayarin mutane a gefen titi, gicciye a gaba, ƙullin kaya a ka, ana tafe ana waƙa. Wasu daga Gulu suka taso, wasu daga Lira, tafiyar da ta haura kilomita 300 a ƙafa. Akwai masu ƙetarowa daga Kenya da Tanzaniya da Kwango. Burinsu ɗaya ne: ranar 3 ga Yuni ta riske su a Namugongo, wani gari da ke kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da Kampala. Abin da baƙo ba zai gane da kallo ba shi ne, wurin da suke rububin zuwa, a da jin sunansa kawai kan sa hantar mutum ta kaɗa. Nan ne haunin sarkin Buganda, masarautar da Kampala take cikinta, yake kashe waɗanda fada ta yanke wa hukunci.

Musulunci ne ya fara isa fadar, ta hannun fatake daga Zanzibar a shekarun 1840. Sarki Mutesa na Ɗaya, wanda ake kira Kabaka kamar kowane sarkin Buganda, ya yi shekaru yana azumi yana salla, amma bai yarda an yi masa kaciya ba. Da wasu samarin fada suka ƙi bin sa salla, suka kuma ƙi cin yankan fada, sai ya sa aka kashe su a tsakiyar shekarun 1870, kimanin 70 daga cikinsu a Namugongo. Wannan ɓangare na labarin ba a cika faɗarsa ba, alhali ya riga na Kiristoci da wajen shekara goma.

Mishan na Angilika sun iso a 1877, na Katolika kuma, Fada Simeon Lourdel da abokinsa Amans, a 1879. Mutesa ya iya zama da kowa, yana haɗa wannan da wancan don kada wani ya fi ƙarfinsa. Da ya rasu a 1884, ɗansa Mwanga na Biyu ya hau gado yana matashi, ga Jamusawa suna mamaye gaɓar teku, ga yaran fadarsa sun fara jin maganar malaman coci fiye da tasa. A watan Oktoban 1885 ya sa aka kashe Bishop James Hannington, wanda ya nufo ƙasar ta gabas. Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafaden da ke kula da yaran sarki, ya faɗa masa ido da ido cewa bai kyauta ba. Ranar 15 ga Nuwamba aka fille masa kai. Akwai kuma batun da tarihin coci ya fi nanatawa, wato sarkin yana neman yaran da lalata, Kiristocin cikinsu suna ƙi. Ni a ganina ba a raba dalilan biyu. A fadar da maganar sarki take yankan wuƙa, yaron da ya ce a'a a kan abu ɗaya ya riga ya nuna cewa akwai wanda yake tsoro fiye da sarki.

A ƙarshen Mayun 1886 abin ya fashe a Munyonyo, bakin tafkin Victoria. Aka ware Kiristoci, aka ɗaure su, aka kora su a ƙafa zuwa Namugongo, wasu aka kashe su a hanya. Sun yi kusan mako a tsare ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni aka naɗe su cikin asabari aka jera a kan wuta. Charles Lwanga, jagoransu, shi aka ƙona shi kaɗai a gefe. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba. Daga 1885 zuwa 1887, sunayen da aka tabbatar su ne 'yan Katolika 22 da 'yan Angilika 23.

Daga nan sai sunan wurin ya riƙa sauyawa a hankali. Fafaroma Benedict na 15 ya ɗaga darajar su 22 ɗin a 1920. Sunansu ya bazu har Afirka ta Yamma tun kafin a ayyana su waliyyai: ƙungiyar 'yan Katolikan nan ta Knights of St. Mulumba, da aka kafa a Onitsha a 1953, sunan Matthias Mulumba ta ɗauka, ɗaya daga cikin shahidan, kuma har yau 'yan Najeriya suna cikin baƙin da ake gani a Namugongo. Ranar 18 ga Oktoban 1964 Fafaroma Paul na 6 ya ayyana su a matsayin waliyyai, shekara biyu kacal bayan Uganda ta sami 'yanci. Lokacin ya dace da bukatar cocin. Turawan mulki suna tattara nasu ya nasu, ana yi wa Kiristanci gorin addinin baƙi, sai ga waliyyai baƙar fata waɗanda suka mutu tun kafin Ingila ta kafa tuta a ƙasarsu. A 1969 Paul na 6 ya zo da kansa, karo na farko da wani Fafaroma mai ci ya taka nahiyar Afirka. An buɗe babban cocin Katolika na Namugongo a 1975, an yi masa siffar bukka, yana tsaye a kan ginshiƙai 22. John Paul na 2 ya ziyarta a 1993, Francis a 2015.

Amma ba Fafaroma ne ya ƙirƙiro tafiyar ƙafa ba, talakawa ne. Wani alwashi ya ɗauka, wata haihuwa take nema, wani kuwa cewa yake tunda shahidan da ƙafa suka iso, shi ma ba zai shiga mota ba. A coci da makarantun hanya ake kwana, mutanen gari suna fito da ruwa da ayaba. Wanda ya taɓa jin labarin kakanninmu da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa don sauke farali, ba zai yi mamakin kumburin ƙafar nan ba. A yanzu 3 ga Yuni ranar hutu ce a duk faɗin Uganda, kuma kowace shekara akan ɗora wa wani yankin bishop nauyin shirya bikin, da mawaƙansa da kuɗinsa. Taron kan kai dubban ɗaruruwa, ban da 2020 da 2021 da korona ta sa aka hana jama'a zuwa. Kasuwa ma tana ci, ta carbi da hotuna da gasasshen nama da giya, abin da limaman coci suka sha kokawa a kai.

A harabar cocin Katolika akwai wani ɗan tafki, kuma mutane kan bi dogon layi da jarkoki don ɗibar ruwan da za su kai wa na gida. Gaba kaɗan 'yan Angilika suna nasu taron a daidai inda aka ƙona mafi yawan samarin. Kusa da su akwai wani ƙaramin masallaci da aka keɓe don tunawa da waɗanda Mutesa ya kashe, kuma Musulmi kan taru a can ranar 10 ga Yuni, bayan ayarin ya watse.