Cinikin Bowers & Wilkins ba yau aka faro shi ba

Tun watan Mayun 2025 da aka sanar cewa Harman, wato kamfanin nan da ke ƙarƙashin Samsung, zai sayi ɓangaren kayan sauti na Masimo, wani kamfanin kayan asibiti na Amurka, a kan dala miliyan 350, masu harkar sifika suke ta cacar baki har yanzu ƙurar bata gama kwantawa ba. Cikin kayan da aka haɗa aka sayar akwai Denon akwai Marantz akwai Polk, amma duk ba a kansu ake tada jijiyar wuya ba, Bowers & Wilkins, wato B&W, kamfanin sifikar nan na Ingila, shi ne ya tsone wa mutane ido. Turawan Ingila wasunsu na ta kuka wai an sayar da gadon gida, wasu sun ce shikenan yanzu sai dai a dinga manna sunan a jikin ƙananan sifikun bulutut ɗin nan da ake ratayawa, wasu kuma sun ce gara haka ai ya faɗa hannun waɗanda suka san sauti tunda su ke da JBL da AKG da Mark Levinson. Ni dai abun da yake ban mamaki shine yadda ake maganar kamar har zuwa ranar cinikin kamfanin yana hannun waɗanda suka kafa shi ne, rana ɗaya baƙi suka faɗo suka ɗauke. Ba haka bane sam.

Farkon labarin duk mai bibiyar harkar ya san shi, ba sai an ja ba. John Bowers da Roy Wilkins sun haɗu a aikin soja lokacin yaƙin duniya na biyu, ɓangaren sadarwa, bayan yaƙi suka buɗe shagon rediyo da talabijin a Worthing, wani gari a bakin teku kudancin Ingila. Bowers ya fara haɗa sifika a bayan shago, wata tsohuwa cikin kwastomominsa ta ji daɗin aikinsa ta bar masa wasiyyar fam 10,000, a 1966 shi da Peter Hayward suka kafa kamfanin sifikar daban. Wilkins ma da ake ta ambaton sunansa shi shago ya riƙe, bai bi su masana'anta ba. Sai sifikarsu ta farko P1, sai jerin DM, sai a 1974 suka fara amfani da Kevlar, abun da ake rigar sulke da shi, shine ruwan ɗorawar nan da ake gane sifikarsu da shi daga nesa. A 1979 suka fitar da sifikar 801, shahararren sitidiyon waƙa na Abbey Road da ke Landan ya ɗauka, suna ya tafi duniya.

Abu ɗaya kawai nake so a riƙe daga wancan zamanin. A 1973, shekara bakwai kacal da kafuwa, lambar yabon da Sarauniya ta ba su ta fitar da kaya waje ce. Wato tun kamfanin yana rarrafe abincinsa daga ƙetare yake zuwa, daga hannun diloli a Turai da Amurka da sauran wurare.

Yanzu ga inda ba a cika tsayawa ba. A 1981 Bowers ya kwashe injiniyoyinsa daga masana'anta ya kai su wani ƙaramin gari mai suna Steyning, tafiya kaɗan daga Worthing, ya buɗe musu cibiyar bincike tasu su kaɗai. Idan ka karanta tarihin kamfanin za ka ga ana ba wannan layi ɗaya ko biyu a yaba a wuce, wai jami'ar sauti. Amma a ganina a nan ne aka ƙulla duk abun da ya biyo baya har zuwa cinikin da ake rigima a kai yau.

Dalilin Bowers mai kyau ne. Injiniyan da ke zaune a masana'anta kullum ana kiransa, yau gam bai kama ba gobe dila yana jiran kaya, ba zai taɓa samun natsuwar tunanin abun da za a yi nan da shekara biyar ba. Shi kuma Bowers ra'ayinsa shine sifika mai kyau ba wadda take ƙara wa sauti komai bace, wadda take zubar da mafi ƙaranci ce. Toh gano inda sauti yake zubewa aiki ne mai cin rai da cin kuɗi. Faifan sifikar nan da muke gani yana gaba yana baya, a ido kamar gaba ɗayansa yake motsi tare, amma idan sauti yayi sama sai ya fara lanƙwashewa, wani gefe ya yi gaba wani ya yi baya, kuma ba ka ganin wannan sai da na'urar laser. Akwatin kanta tana rawa tana ƙara nata kukan a kan waƙar. Sautin da ke fita ta bayan faifan yana bugun bangon akwati ya dawo ya dagula na gaba. Kowanne cikin waɗannan sai da aka zaunar da mutane shekaru a kansa ana biyansu albashi, ba tare da sun fitar da ko sifika ɗaya ta sayarwa a wannan watan ba.

Kuma sun yi abun a zo a gani, wannan babu musu. Wani matashin injiniya Laurence Dickie shi ya fito da Matrix a tsakiyar shekarun 1980, wato a saƙa katakai masu huji a cikin akwatin su riƙe ta ta ko'ina ta daina rawa. Shi ne kuma ya jagoranci Nautilus da ta fito a 1993, mai kamar dodon koɗi, inda kowane faifai aka ja masa dogon bututu a baya mai tsukewa a hankali don sautin baya ya shiga ya mutu a can kar ya dawo. Kusan shekara biyar aka yi ana wannan aikin. Sai ka tambayi kanka, mutum nawa ne a duk Ingila za su sayi sifika irin wannan a shekara? Cibiyar bincike kamar dokin hawan sallah ce, ranar hawa kowa na tafi yana yabo, amma harawa da dawa kullum ne, ko ana hawa ko ba a yi. Kasuwar gida ba za ta iya ciyar da ita ba. Daga ranar da aka buɗe Steyning, kamfanin ya ɗaura wa kansa dole sai ya sayar da yawa, a ƙasashe da yawa, da masu tsada da masu sauƙi, kuma duk wanda yake riƙe da hanyar kasuwar waje shi ne ya zama mai ƙarfi a gidan ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Shi yasa abun da ya faru bayan rasuwar Bowers a ƙarshen 1987 bai zo da mamaki ba. Wanda ya karɓi ragamar shine Robert Trunz, ɗan ƙasar Suwizalan da ya shigo ta ɓangaren talla da kasuwanci. Bayan shi a tsakiyar shekarun 1990 sai Joe Atkins, ɗan Kanada, wanda kamfaninsa ne dama yake rarraba kayan B&W a Arewacin Amurka, ya riƙe kusan shekara ashirin. Kun ga kenan masu kukan an sayar wa baƙi sun makara da fiye da shekara talatin. Kuma dan Allah kar a ɗauka zargi nake, ko kaɗan, a zamanin waɗannan mutanen biyu ne aka yi Nautilus, aka yi jerin 800 da suka biyo ta, aka yi ƙaramin faifan sautin sama na lu'ulu'u a 2005. Abubuwan da ake tinƙaho da su a matsayin aikin Ingila zalla, da yawansu a ƙarƙashin ɗan Suwizalan da ɗan Kanada aka yi su. Trunz ma daga baya Afirka ta Kudu ya karkata yana harkar mawaƙa, Dickie kuma ya shiga kafa Vivid Audio da ake ƙera sifikunta a can.

Sauran labarin gudu yake yi. Mutane suka daina zama a falo gaban manyan akwatuna biyu, waƙa ta koma aljihu. A 2007 B&W suka fitar da Zeppelin da ake dasa iPod a kai, suka shiga saka sifika a motoci suka fara da Jaguar, a 2010 suka fara hedifon. Masu tsattsauran ra'ayi sun yi ta tsaki a lokacin, amma da wane kuɗin za a biya masu bincike? Ƙananan samfura aka koma haɗa su a China. Sannan sauti ya zama harkar manhaja da waya-fai, abun da katako da gam ba sa maganinsa, sai an nemo wasu injiniyoyin na daban da wani jarin na daban. A 2016 wani sabon kamfanin fasaha na Kalifoniya, EVA Automation, ya saya. A 2020 Sound United, kamfanin da ke da Denon da Marantz da Polk, ya karɓa. A 2022 Masimo, masu na'urar asibitin nan da ake maƙalawa a yatsa, suka sayi Sound United gaba ɗaya a kan kusan dala biliyan 1. Sai Harman. Hannu huɗu cikin shekara goma.

Kuma ba su kaɗai bane cikin kamfanonin sauti na Ingila, shi yasa nake ganin neman wanda za a ɗora wa laifi ɓata lokaci ne. KEF tun 1992 yake hannun Gold Peak na Hong Kong. Wharfedale da Quad da Mission suna ƙarƙashin IAG na China. Arcam ma tun 2017 yana gidan Harman ɗin da ake magana. Ƙasa mai injiniyoyin sauti da yawa amma ƙarancin masu sayen sifika mai tsada, dole ta nemi ciniki waje, daga ciniki kuma sai jari.

Ga masu fargabar ingancin zai lalace, gaskiya ban ce tsoronsu banza bane, amma takardar mallaka ba ita ce wurin dubawa ba tunda ta sha canza hannu ana ci gaba da aiki. Manyan jerin 800 har yanzu a Worthing ake haɗa su. Cibiyar Steyning an tashe ta an mayar da masu binciken wani wuri da ya fi girma a Southwater, duk a yankin Sussex ɗin. Abun da ya kamata a zuba wa ido shine ko za a bar waɗannan injiniyoyin da nasu kasafin da nasu kunnen, ko kuwa za a haɗe su da na sauran sunayen da ke gidan Harman, tunda yanzu B&W da Revel da JBL duk uba ɗaya ne kuma kusan kwastoma ɗaya suke nema. Wannan kuma ba a sanarwa ake gane shi ba, sai sabbin samfura sun fara fitowa nan da 'yan shekaru an saurara.